ZA A CANJA RUFIN GIDA? KARANTA WANNAN KAFIN KA SHIGA KASUWA

Kamar yadda aka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba da kuma waɗanda suka fi son karatu.

Yau maganar rufin gida za mu yi. Na san wani zai ce, to ni da ko fuloti ban mallaka ba, ina ruwana da kwano? Ɗan dakata. Da yawanmu gidan da muke kwana a ciki iyaye ne suka rufe shi shekara 30 ko 40 da suka wuce. Kwano ya ci tsatsa, silin ya yi taswira, hadari na haɗuwa sai a fara jera bokitai a tsakar ɗaki. Idan kuma aka tashi gyara, wa ake kallo? Mu ne. A buɗe zancen a WhatsApp na 'yan gida, yaya ya kawo nasa, anti ta turo nata, kai mai ɗan albashi ko ɗan shago a ce kai za ka tsaya a kan aikin. Kuɗin nan sau ɗaya ake tara shi. In aka yi kuskure, za a daɗe ba a sake haɗa irinsa ba.

Abin da nake so ka riƙe daga farko har ƙarshe shi ne wannan: rufi abu biyar ne a haɗe. Akwai kwano, akwai katakon da ke ɗauke da shi, akwai ƙusa, akwai gangarar da ruwa ke bi, akwai kuma ɗaurin da ya haɗa rufin da bango. Mu kuwa kwanon kawai muke gani, shi ya sa muke zuba kuɗin duka a kansa, sauran huɗun mu bar wa kafinta ya yi yadda ya ga dama. Yawancin rufin da iska ke yayewa ta wajen waɗannan huɗun aka ci shi.

To, mu fara da tambaya ta farko. Shin rufin ma ya kai a canja shi? Ka sa a buɗe silin a wuri ɗaya, ka leƙa da rana tsaka. Idan hasken rana na shigowa ta ramukan ƙusa kawai, katako kuma lafiyarsa ƙalau, wannan gyara ne: a canja ƙusoshi, a toshe ramuka, a cire fallen da ya lalace. Amma idan ka ga haske kamar taurari ko'ina, ko ka soka sukundireba a katako ta shige kamar cikin burodi, to gara da ruwa sun gama aikinsu, sai dai sabo. Kada ka yarda a ɗora sabon kwano a kan ruɓaɓɓen katako don a rage kuɗi. Ƙusa ba ta kama ruɓaɓɓen itace.

Yawwa. Yanzu mu shiga kasuwa. Ko Ƙofar Ruwa ka je a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko kasuwar Katako a Yamai, abin da za a nuna maka bai wuce iri huɗu ko biyar ba.

Na farko, kwanon da muka taso muka gani, mai tudu da kwari, wanda ake sayarwa bandir-bandir, falle 20 a bandir ɗaya. Ƙarfe ne aka shafe shi da sinadarin zin don ya kare shi daga tsatsa. Shi ya fi araha, kowane kafinta ya iya aikinsa, kuma in falle ɗaya ya lalace ka sayo ɗaya ka maye. Matsalarsa biyu. Fallayen gajeru ne, don haka haɗi ya yi yawa, kuma duk wurin haɗi ƙofar yoyo ce. Sannan wanda ya cika kasuwa yanzu bai da kaurin na da. Ka taɓa lura kwanon gidan kakanni ya yi ja da tsatsa amma bai ɓule ba, na maƙwabci da aka sa shekara biyar da suka wuce kuwa har ya fara yoyo? Kauri ne da yawan shafen da aka yi masa. In wannan aljihunka ya kai, babu laifi, amma ka nemi mafi kauri a cikinsu, ka ɗaga bandir ɗin ka ji nauyinsa.

Na biyu, alminiyam, wanda aka fi sani da lonsifan. Shi ba bandir ake saye ba, da mita ake aunawa. Ana kawo shi a naɗe, inji ya matsa shi ya fitar da zanen, a yanka daidai tsawon rufinka tun daga tsororuwa har baki. Ka ga babu haɗi a tsakiya ke nan. Alminiyam ba ya yin jar tsatsa irin ta ƙarfe, kuma ba shi da nauyi, kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe. Amma yana da laushi. In siriri ne, taka shi kawai yana lotsa shi, iska mai ƙarfi kuma na iya yaga shi ta wajen ƙusa. Yana kuma miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi: falle mai tsawon mita 10, idan zafinsa ya canja da digiri 40 tsakanin tsakar rana da asuba, yana motsi kusan milimita 9. Wannan ƙas-ƙas ɗin da kake ji a rufi da yamma, ba aljanu ba ne, shi ne. Motsin nan a hankali yake faɗaɗa ramin ƙusa, shi ya sa ake sa ƙusa mai roba a wuya.

Na uku, aluzin. A ido kamar alminiyam yake, launi ɗaya, zane ɗaya, amma cikinsa ƙarfe ne. An lulluɓe shi da haɗin da kashi 55 cikin ɗari alminiyam ne, kusan kashi 43 zin, sai ɗan silikon. Ya fi kwanon gargajiya jure tsatsa nesa ba kusa ba, ya fi alminiyam tauri, kuma yawanci ya fi shi sauƙin kuɗi. Abu ne mai kyau, matuƙar an sayar maka da shi da sunansa. Inda ake cutar mutane shi ne a ba ka aluzin a karɓi kuɗin alminiyam. Maganin wannan ba ya cin ko sisi: ka tafi da maganaɗisu a aljihu, ko na tsohuwar sifika ne. In ya manne, ƙarfe ne. Alminiyam ba ya kama maganaɗisu. Masu kiwon kaji kuma ku ji wannan: aluzin ba ya shiri da tururin kashin kaji da na dabbobi a rufaffen ɗaki, yana cin shafensa da wuri.

Na huɗu, kwano mai tsakuwa, wanda kowa ke kira Gerard, duk da cewa Gerard sunan kamfani ɗaya ne mai asali daga Niyu Zilan. Shi ma ƙarfe ne a ciki, aka manna masa ƙananan tsakuwa a sama. Yana da kyau a ido, yana rage ƙarar ruwan sama sosai, kuma da yake fallayen ƙanana ne masu shiga cikin juna, yana jure iska. Sai dai ka sani, yana da nauyin kilo 6 zuwa 7 a kowace murabba'in mita, alhali alminiyam mai kaurin 0.55 bai kai kilo 2 ba. Yana buƙatar katako da yawa a jere kusa da kusa, da gangara mai kyau, da kafintan da ya san aikinsa. Kuma jabunsa ya yi yawa. Ka goga tafin hannunka da ƙarfi a kan falle, in tsakuwar na zubowa kamar garin kwaki, to damina biyu uku za ta wanke ta ta tara maka a indararo. Wanda kuɗinsa bai kai na asali ba, wallahi gara ya sayi lonsifan mai kauri da ya sayi jabun mai tsakuwa. Araha ba ta ado.

Na biyar, dekin, wato rufin kankare. Iska ba ta yaye shi, gara ba ta cin sa, kuma gobe in Allah ya hore sai a ɗora bene. Amma bari in ba ka lissafi. Dekin mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kilo 360 a kowace murabba'in mita. Ɗaki ɗaya mai ƙafa 12 da 12, kusan tan 5 ke nan a kan mutanen da ke kwance a ƙasa. Gidan da aka gina don ya ɗauki kwano, babu ginshiƙai, tushensa bai yi zurfi ba, ba a wayi gari a zuba masa dekin. Wannan aikin injiniya ne, shi zai duba tushe da bango ya faɗi yawan rodi. Bayan an zuba kuma sai an yi ta ba shi ruwa, a bar tokaran a ƙasa sati uku zuwa huɗu. A ba shi gangara ko kaɗan ce, don in ruwa na kwanciya a kai, ko ba daɗe ko ba jima zai samu hanya. Ga kuma zafi: kankare na shan rana wuni guda, ya dinga sako ta cikin ɗaki da dare.

Akwai iri ɗaya da ba na saye ba ne, na cirewa ne, kuma dole in yi maganarsa: asbesto. Tsofaffin gidajen ma'aikata da makarantu da yawa da shi aka rufe su, wasu kuma silin ɗinsu ne. Muddin yana zaune ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka fasa shi ko aka sa masa zarto, ƙurarsa na ɗauke da wasu siraran zaruruwa da ke maƙalewa a huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar kowane nau'in asbesto na jawo kansa, ƙasashe sama da 50 sun haramta shi, ciwon kuma sai bayan shekara 20, 30, har 40 yake bayyana. In shi za a cire a gidanku, a fitar da yara da tsofaffi, a jiƙa shi da ruwa, a sauke falle-falle ba tare da an fasa ba, masu aiki su rufe hanci da baki da takunkumi mai kyau. Kada a farfasa shi a yi ciko a tsakar gida, kada a ba yara su yi wasa da gutsattsarinsa.

Masu gidan ƙasa, ban manta da ku ba. Rufin soro da azara ba abin rainawa ba ne. Azarar giginya gara ba ta cika iya mata ba, kaurin ƙasar kuma na hana zafi shiga, shi ya sa ɗakin soro ke da sanyi a bazara. Wanda ya ga bakan gizon da Babban Gwani ya ɗaura a tsohon Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19 ya san magabata sun iya aikinsu. Sharaɗin soro ɗaya ne, yaɓe kafin kowace damina da share indararo. In babu mai yin wannan, ruwan Agusta zai jiƙa ƙasar ta yi nauyi, kuma mun san labarin da ke biyo baya. Shi ya sa wasu ke ɗora kwano a saman soron, su samu sanyin ƙasa da kariyar kwano a lokaci guda. Dabara ce mai kyau in azarar na da lafiya, bakin kwanon kuma ya zarce bango yadda ruwa ba zai dinga dukan jikinsa ba.

To, ka zaɓi iri. Saura kauri, kuma a nan ake yin wasan. Za ka ji ana cewa 0.45, 0.55, 0.7. Milimita ake nufi. Idonka ba zai bambanta 0.45 da 0.40 ba, amma iska za ta bambanta. Akwai ɗan ma'auni da ake kira maikuromita, mai kama bakin falle ya faɗi kaurinsa. Ka ce a auna a gabanka ranar da ka biya, a sake aunawa ranar da kaya suka iso gida, kuma a rubuta kaurin a rasit. Ka tuna fenti ma na ƙara ɗan kauri a ma'auni. Ga gidan zama, in alminiyam ne, ina ba da shawarar kada ka sauka ƙasa da 0.45, in da hali 0.55. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin awo.

Yanzu mu zo kan abin da ba a gani. Katako. Ɗanyen katako ya fi araha, amma yana bushewa a kan rufi ya murɗe, ya saki ƙusa. Nemi busasshe, miƙaƙƙe, a shafe shi da maganin gara irin su Solignum kafin a hau da shi sama, har da bakin da aka yanka. Baƙin mai da wasu ke shafawa bai kai maganin gara na gaske ba. Kada kuma a yi rowar katakon da ake gicciyawa a buga kwano a kai. In tazararsu ta yi faɗi, kwano zai dinga lotsawa, ƙusoshin da ke riƙe da shi kuma sun yi kaɗan. Mai hali na iya yin ƙarfe a maimakon katako, ya huta da gara, amma a yi masa fentin hana tsatsa a duk wurin walda.

Sai ɗauri. Ka san yadda iska ke yaye rufi? Ba tura shi take yi ba. Idan ta bi ta samansa da gudu, tsotso shi take yi sama, in kuma ta samu ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ɗaki, sai ta dinga tura shi daga ciki. Ta fi ƙarfi a gefuna da kusurwoyi. Hadarin farkon damina a ƙasar Hausa, wajen watan Mayu da Yuni, daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi kafin ruwa ya sauka, shi ne lokacin da za ka ga rufi ɗungurungum, da katakonsa da komai, a gidan maƙwabta. Wannan rufin kwanonsa lafiya lau, ɗaurin ne babu. Dole katakon da ke kwance a kan bango ya zama an ɗaure shi da rodi ko langa-langar ɗauri da aka binne cikin kankaren linta, ba a bulo ɗaya na sama ba. A ƙara yawan ƙusa a gefuna da tsororuwa. A buga ƙusa a kan tudun kwano, kada a buga a kwarin da ruwa ke bi. Haɗin fallaye kuma bakinsa ya ba gabas baya. Duwatsu da tsofaffin tayoyi da muke ɗorawa a kan rufi shaida ce cewa ba a yi wannan aikin ba tun farko.

Maganar siffa kuma, yayi biyu ake yi yanzu. Akwai dogon rufi mai tsini kamar hular sarki. Yana zubar da ruwa da sauri, amma ka san kuɗinsa: rufi mai gangarar digiri 30 ya fi shimfiɗar gidan faɗi da kusan kashi 15 cikin ɗari, mai digiri 45 kuwa da kashi 41. Kwano da katako da kuɗin aiki duk za su ƙaru haka, iska kuma ta samu babban abin duka. Sai ɓoyayyen rufi, wanda ake ɗaga bango a kewaye shi. Yana rage kwano, bangon na kare shi daga iska, amma duk ruwan gidan ta magudana ɗaya ko biyu yake fita. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, lita 5,000 ke nan. Leda ɗaya ko ganyen darbejiya ya toshe hanya, sai ruwan ya koma cikin silin. In wannan za ka yi, magudanar ta zama mai faɗi, mafita ta fi ɗaya, a kuma dinga share ta. Wurin da kwano ya shiga bango ma a kula, ɗanyen siminti na cin alminiyam da aluzin, sai an sa wani abu ya raba su.

Zafi fa? Kowane kwano na ɗaukar zafi, amma launi na da tasiri. Baƙi da ruwan toka mai duhu da ake yayi suna shan rana, fari da masu haske suna mayar da ita. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga wutar lantarki sai a hankali, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A bar tazara tsakanin kwano da silin, a yi ƙofofin shan iska masu raga a gefe don zafin ya samu mafita, jemagu da ɓeraye kuma su rasa mashiga. In da sauran kuɗi, a shimfiɗa takardar nan mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano. Mai niyyar sa sola kuma ya faɗa wa kafinta tun yanzu, fanel ɗaya na haura kilo 20, gara a ƙarfafa wurin kafin a rufe. Tunda rufi a buɗe yake, a kira mai gyaran wuta ya duba tsofaffin wayoyin da ke cikin silin. Ba kullum ake samun wannan damar ba.

Kafin mu rufe, ga yadda za ka tafiyar da aikin. Ka yi shi da rani, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sa kafinta biyu ko uku su auna, kowa ya rubuto lissafinsa dalla-dalla: mita nawa, kauri nawa, katako nawa, ƙusa wace iri, kuɗin aiki nawa. Ka je ka ga rufin da mutum ya yi wanda ya ci damina biyu, ka tambayi masu gidan. Kada ka biya kuɗin aiki duka a farko, ka riƙe wani abu sai an gama an gwada da ruwa. A share garin ƙarfen da yanka ya bari a kan sabon kwano, don shi ke fara jawo ɗigon tsatsa. Tsohon kwanon kuma kuɗi ne, mai ɗan dama-dama a yi rumfa ko ɗakin awaki, sauran a auna wa 'yan gwangwan.

Idan kuɗin da aka tara bai kai yadda ake so ba, ga tsarin da zan ba ka: fara da ɗauri da katako, sai kauri, sai silin da hanyar iska, launi da yayi su zo a ƙarshe. Rufin aluzin mai kauri da aka ɗaure da kyau ya fi mai tsakuwa da aka aza a kan ɗanyen katako. Masu wucewa a titi launi za su gani, amma Hajiya da ke kwance a ɗaki ranar da hadari ya taso da ƙarfe biyun dare, ɗaurin nan ne zai sa ta ci gaba da barcinta.

A nan za mu tsaya. Wane irin rufi ne a gidanku, kuma shekararsa nawa? Kafintoci da magina da ke bin mu, ku ƙara mana abin da kuka gani a fagen aiki. Ka tura wa wanda ka san ana shirin yi wa gidansu rufi kafin damina. Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.